Rawar Sitiyari a Motocin Shiga Daji: Tambayoyin Masu Mota da Amsoshinsu

Na yi shekaru ina jan Land Cruiser tsakanin Daura, Mai'adua, Zango da Baure, wani lokaci kan kwalta, mafi yawa kan burji da yashi. Duk ranar da muka haɗu a gareji muna jiran kanikawa, ƙorafin da ya fi fita daga bakin masu irin waɗannan motoci na ƙafa ne. Wannan ya ce gabansa na ƙara, wancan ya ce sitiyarinsa na rawa, wani ya ce ya canza kaya har sau uku abin bai daina ba. Ga tambayoyin da na fi ji, da amsar da nake bayarwa.

"Malam, ina cikin tafiya lafiya lau, na taka ɗan rami, sai sitiyari ya kama fizga hagu da dama kamar zai ƙwace daga hannuna. Mene ne wannan?"

Alhaji, wannan ita ce babbar rawa. Amurkawa sun laƙaba mata wani suna da ke nufin rawar ajali, saboda tsoron da take jefa direba a ciki. Yawanci sai gudu ya haura kilomita 70 a awa take tashi, kuma kusan kullum akwai abin da ya tsokane ta: rami, bakin gada, ko inda kwalta ta yanke burji ya fara. Tayoyin gaba biyu su riƙa kaɗawa tare, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, gaban mota duka ya ɗauki kyarma. Ba ta lafawa da kanta sai ka rage gudu sosai, wani lokaci sai ka kusa tsayawa.

Ni ta fara kama ni a hanyar Daura zuwa Mashi, da mutum huɗu a bayana. Na ɗauka taya ce ta cire. Da na tsaya na zagaya motar ban ga komai ba, kuma a nan hatsarin yake, domin ido ba ya ganin ciwon idan mota na tsaye. Mutum sai ya ce ai ramin ne, ya koma ya ci gaba da tafiya. Alhali ramin nan motoci ɗari sun taka shi ranar ba abin da ya same su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"To duk rawar sitiyari ita ce wannan?"

A'a, kuma rarrabe su zai rage maka asara. Idan sitiyari na ɗan karkarwa a wani gudu na musamman, misali tsakanin 90 da 110, ka ƙara ko ka rage ya daina, to taya ce ba ta da balansin, ko rim ya lanƙwashe, ko tayar ta yi ƙari. Da damina ka fara leƙa cikin rim tukuna, don busasshiyar lakar fadama da ta manne a gefe guda ta isa ta kawo wannan. Idan kuwa sai ka taka birki yake rawa, faifan birki ne ya daina zama daidai. Waɗannan biyu suna da iyaka, kana iya riƙe motarka. Babbar rawa ba ta da wannan sauƙin, wanda ta taɓa kamawa ba ya buƙatar a kwatanta masa.

Amma kada a raina ƙaramar. Taya marar balansin tana dukan kayan ƙafa dare da rana har su saki, daga nan babbar ta samu ƙofa.

"Me ya sa ta fi kama manyan motocin daji, ba ƙananan motocin gida ba?"

Saboda ginin ƙafarsu ta gaba. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ke yi tun 1984, da samfurin 80 na shekarun 1990, da tsohuwar Nissan Patrol, da Suzuki Jimny, da Jeep Wrangler, duka tayoyinsu na gaba a kan aksul guda suke, doguwar ƙarfe ɗaya daga wannan taya zuwa waccan. Ginin nan ne ke ba su ƙarfin ɗaukar lodi da jure gargada, shi ya sa masu shiga ƙauye ke son su. Sai dai duk dukan da taya ɗaya ta sha, 'yar'uwarta ma ta sha shi nan take.

Abin da ke hana aksul ɗin zamewa gefe a motocin da ke da sifirin mai naɗi sanda ce guda da aka gicciya, kai ɗaya a jikin shasi, ɗaya a jikin aksul. Ana kiranta da sunan kamfanin Faransa da ya ƙirƙiro ta, Panhard. Idan bushin ɗinta, wato robar da ke cikin kawunanta, ya mutu, ko notinta ya saki, ko ramin da ƙusar ke shiga ya faɗaɗa, sai aksul ya samu damar motsi gefe. Motsin nan yana jan sandunan sitiyari, tayoyi su juya kaɗan, su dawo da ƙarfi su wuce tsakiya, su sake komawa. Kowane zuwa yana ciyar da dawowa. Wasan da bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba a wannan sanda ya isa ya girgiza mota mai nauyin tan biyu.

Akwai kuma abin da masu alaimen ke kira kasta, wato ɗan jinginar da aka yi wa ƙafar gaba don taya ta riƙa komawa tsakiya da kanta bayan ka sha kwana. Ka taɓa lura da ƙaramar tayar gadon asibiti idan ana tura shi da sauri, yadda take kaɗa kai? Abu ɗaya ne. Idan kasta ta ragu, taya ba ta da abin da zai zaunar da ita.

"Ni Hilux gare ni, abokina kuma Prado. Mu ma abin ya shafe mu?"

Da wuya babbar rawa ta kama ku, domin Hilux da Prado na yanzu kowace tayar gaba zaman kanta take yi. Naku ƙorafin daban ne: ƙwanƙwasa a kan burji, mota na ja gefe, taya na cinyewa ta ciki, gaba na lilo bayan an wuce rami. Ku sa ido musamman kan boljoyin na ƙasa, wato mahaɗar da ƙafar taya ke juyawa a kanta. Shi idan ya ƙare ba rawa yake yi ba, ficewa yake, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Wanda ke da tsohuwar Hilux mai aksul guda a gaba kuwa, duk abin da na faɗa a sama nasa ne.

"Bakanike ya ce in sa sabuwar shokazobar sitiyari. Na sa, ta daina, bayan wata biyu ta dawo. Cuta ta aka yi?"

Ba lallai cuta ba ce, amma an yi maganin zazzaɓi an bar abin da ya kawo shi. Shokazobar sitiyari aikinta ta shanye dukan da hanya ke aiko wa hannunka. Sabuwa tana da ƙarfin danne rawar na ɗan lokaci, alhali sakakken ƙarfen yana nan yana ƙara cinyewa a ɓoye. Ran da ta gaji, rawar ta dawo fiye da da, kuma ta tarar da kai ka saki jiki kana gudu. Wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar nan. Motar da kayan ƙafarta ke ɗaure tsaf ba ta dogara da wannan shokazoba don ta tafi daidai. Idan tana yoyon mai ko ta mutu, a canza ta, amma a ƙarshen aiki, bayan an gano inda wasan yake.

"To yaya ake gano shi? Kowane gareji na je da abin da za a ce in sayo."

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma ina roƙon kowane mai mota ya tsaya a yi shi a gabansa. A ajiye mota a ƙasa mai tauri, tayoyi huɗu a ƙasa, kada a ɗaga ta a jak. A ja birkin hannu, a sa dutse a tayar baya. Yaro ya zauna ciki ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Oga ya durƙusa a gaba da tocila, ya bi kowace mahaɗa da ido, ya ɗora hannu a kanta. A fara da kawuna biyu na sandar Panhard, sannan kawunan tayarod, wato sandar sitiyarin da ta haɗa tayoyin gaba biyu, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, da ƙusoshin da suka ɗaure akwatin kansa a shasi. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa kafin ɗan'uwansa ya bi shi, ko aka ji ƙas a tafin hannu, an samu mai laifi. A duba shasin ma a kusa da wuraren nan, don yana tsagewa.

Bayan nan a ɗaga gaba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, ko boris ɗin taya ne, ko boljoyin, ko kuma, a Land Cruiser da Patrol da Jimny, ƙananan boris biyu da ƙafar ke juyawa a kansu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Waɗannan yashinmu na cinye su da wuri idan robar da ke tare ƙura ta lalace, giris ya gauraye da rairayi ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda motarsa ke da sifirin mai faranti a gaba, a duba bushin ɗin kawunansa da ƙusoshin da suka rungume aksul.

Sau da yawa ba abu ɗaya za a samu ba. Nan kaɗan, can kaɗan, su taru su zama rawa. A gyara su gaba ɗaya, sannan balansin, sannan alaimen. Kuma a ƙarasa ɗaure notin bushin bayan an sauke mota ta zauna da nauyinta. Idan aka ɗaure tana rataye, roba na murɗewa ta yage cikin 'yan watanni, mai mota ya ce jabu aka sayar masa.

"Na ɗaga motata, na sa manyan tayoyi don yashi. Akwai ruwan wannan?"

Ƙwarai. Ɗaga mota mai aksul guda yana rage kasta, yana kuma karkata sandar Panhard daga inda aka tsara ta. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi wuyar balansin, ta fi dukan boris. Idan ka ɗaga, dole a maido da kasta da kayan da aka yi don haka. In ba za a samu ba, gara a mayar da motar yadda take.

"Laifin kamfani ne ko na hanyoyinmu?"

Ko a Amurka, inda kwalta ke shimfiɗe, masu Jeep Wrangler sun daɗe suna kai kuka gaban hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasarsu, NHTSA, har a 2012 wasu 'yan majalisar wakilai biyu suka rubuta mata a kan batun. A 2018 kamfanin Fiat Chrysler, mai ƙera Jeep a lokacin, ya janye wasu sababbin Wrangler saboda waldar maƙalar wannan sanda ta gicciye ba ta zauna daidai ba. A 2019 masu motoci suka haɗu suka maka kamfanin a kotu a Detroit, kamfanin kuma ya fito da sabuwar shokazobar sitiyari yana sa wa mutane kyauta, yana mai cewa rawar ba ta da hatsari, duk mota mai aksul guda na iya yinta. Masu manyan akori-kura na Ford, F-250 da F-350, su ma sun yi irin wannan ƙara. Ni ban gamsu da cewa ba hatsari ba. Mai faɗin haka bai taɓa jin sitiyari na fizga ba a hanya mai hannu biyu, ga tirela na tahowa, ga masu babur a gefe.

Mu nan namu ya haɗu da wasu abubuwan. Motocin sun tsufa kafin su iso mu. Lodin ranar kasuwa yana kwantar da baya, gaba ya yi sakayau. Ga gargada, ga ƙura.

"Kayan Beljiyam ko sabo? Kuma ana iya yi wa sanda walda?"

Ƙarfe kamar sanda ko aksul, na Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu. Roba da boris da boljoyin kuwa sababbi na ainihi za a nema, ko da sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, domin robar da ta yi shekara goma a wata ƙasa ta riga ta gama rayuwarta. Araha ba ta ado. Walda a jikin tayarod ko sandar sitiyari, ko gasa ta a wuta don a miƙar, kada ka yarda ko da kyauta ne. Haka cusa guntun robar taya a madadin bushin: zai kai ka gida daga daji, iyakarsa ke nan.

Taya ma a duba ta. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Iska kuma a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kada a bar mai faci ya yi ta bugawa har ta yi tauri kamar dutse. Wanda ya sace iska don ya haye yashi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta.

"Idan ta kama ni a kan hanya, me zan yi a lokacin?"

Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, riƙo mai kyau, amma kada ka yi kokawa da shi. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka birki a hankali, kada ka danna shi gaba ɗaya. Ka kunna fitilun gargaɗi, ka gangara gefe. Wasu direbobi na cewa a ƙara wuta ta wuce, kada ka saurare su. Da ka tsaya, ka duba notocin taya da kawunan sandunan gaba. Idan ba abin da ya cire, ka lallaɓa da gudun da bai wuce 40 ko 50 ba zuwa gareji mafi kusa, Mashi ne, Daura ce ko Katsina. Iyali da fasinja kuwa a nema masu wata motar su ƙarasa, taka ta kwana wurin bakanike har a yi gwajin nan na kaɗa sitiyari.