Rubutun Ofis Da Ba Ya Ware Kowa: Tambayoyi Da Amsoshi

Me ake nufi da rubutun da ba ya ware kowa?

Takardar aiki ce, ko sanarwa ko fom ko saƙon WhatsApp na ofis, wadda duk wanda aka rubuta domin shi zai karanta ya ga da shi ake. A Kebbi abin ya fi nauyi. A ofis ɗaya a Birnin Kebbi za a tarar da ɗan Argungu, da Bazabarme, da Bakambare daga ƙasar Yauri, da Kirista daga Zuru, maza da mata. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko jinsi, kuma sau da yawa a takarda bambancin yake fara bayyana.

Hausa tana raba "ka" da "ki". Yaya za a yi?

Nan ne aikin yake. Dubi wannan sanarwa: "Duk ma'aikacin da bai kawo takardarsa ba, ba zai sami albashi ba." Mata ma za su gane da su ake, amma jimlar namiji ta kira. Gyaran farko jam'i ne: "Ma'aikatan da ba su kawo takardunsu ba, ba za su sami albashi ba." Na biyu ya fi sauƙi, shi ne "a" ɗin nan da muke magana da shi kullum, wanda ba ya nuna namiji ko mace: "A kawo takardu kafin ranar Alhamis."

Abin da ba mu ba da shawara shi ne "ka/ki kawo takardarka/ki". Yana cika layi da tarkace, kuma mai karanta sanarwar a gaban taro ko a rediyo sai ya yi ta tuntuɓe. A tallar aiki kuwa, "mai nema ya kasance yana da digiri" yakan sa mace ta ɗauka ba da ita ake ba. A ce "masu nema su kasance suna da digiri".

Akwai wani tarko. Idan an rubuta "ma'aikata su zo da iyalansu", mutane da yawa matan aure kawai suke fahimta. In ana son har mazan ma'aikata mata su zo, a faɗa a fili: "da mazansu ko matansu". Haka gurbin fom da ya ce "sunan matarka" ya koma "sunan miji ko mata".

Makaho, gurgu, kurma: an daina faɗinsu ne?

A takardar ofis gara a fara ambaton mutum kafin lalurarsa: mai lalurar gani, mai lalurar ji, mai lalurar ƙafa. "Musaki" da "mahaukaci" kam a bar su gaba ɗaya. Sai dai in ƙungiya ta kira kanta ƙungiyar makafi, ko ana rubuta wa Sarkin Makafi, ba hurumin ofis ba ne ya sauya musu suna.

"Masu buƙata ta musamman" ma tana da iyaka, don ba ta faɗin wace buƙata ce. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. To takardar gayyatar tantancewa ta faɗi abin da zai yi amfani: a ƙasa ɗakin yake ko a bene, akwai hanyar keken masu lalurar ƙafa, za a sami mai fassara da hannu.

Addini da ƙabila fa?

"Arna" ba ta da wuri a takardar aiki. Haka kiran waɗanda ba Hausawa ba "ƙabilu" a dunƙule. A ambaci kowa da sunansa. Mutanen Zuru da aka fi sani da Dakarkari suna kiran kansu Lelna, don haka a tambayi abokin aiki wanne ya fi so. In za a ba da hutu ko a sa ranar taro, a duba Juma'a da Lahadi duka.

Wa zai duba kafin a fitar?

Kada marubucin ya zama shi kaɗai. A miƙa wa mutum biyu da ba irinsa ba, misali mace da wani daga wata masarauta, su karanta a bayyane. Sannan a gyara tsofaffin fom da ke cikin kwamfuta, domin daga nan sakatare yake kwafowa duk shekara.