Fankar lagireto mai aiki da lantarki

Fankar lagireto mai aiki da lantarki fanka ce da ake ɗaurawa a bayan lagireton mota ko a gabansa, wadda ƙaramin injin lantarki yake juyawa da wutar batir da altaneto, domin ta ratsa iska ta cikin lagireton a lokacin da iskar tafiya ba ta isa ta huce ruwan inji ba. Ta bambanta da tsohuwar fanka wadda fambel yake ja, domin ita ba ta juyawa sai zafin ruwa ya kai wani mataki, kuma da ya sauka sai ta tsaya. Ita da tamostat (bawul ɗin da yake tare ruwa daga shiga lagireto har sai inji ya ɗumama) da famfon ruwa da murfin lagireto suna aiki tare ne don riƙe zafin ruwan inji a tsakanin digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon ƙirar motar, saboda inji mai sanyi fiye da kima yana da tasa illar kamar yadda mai zafi fiye da kima yake da ita.

Dalilin sanyaya inji

Ba duk man da inji yake ƙonawa ne yake zama ƙarfin tafiya ba. A ƙiyasin da aka saba yi wa injin fetur, kusan kashi ɗaya cikin uku ne yake zama aiki, kashi ɗaya ya fice ta salansa, ragowar kuma ya shiga ƙarfen inji, kuma ruwa ne yake kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ta hanyoyin da aka bari a jikin bulok da kan silinda, ya fito da zafinsa ta tiyon sama, ya bi siraran bututun lagireto masu fikafikan alminiyam ko tagulla, sannan ya koma ta tiyon ƙasa. Idan mota tana gudun da ya haura kimanin kilomita 50 ko 60 a sa'a, iskar da take bugun gabanta takan wadatar. Inda ake buƙatar fanka shi ne a tsaye, da cikin cunkoso, da lokacin hawan tudu da kaya a ƙaramar giya.

Tarihi

Motocin farko ba su da lagireto irin wanda aka sani yau. Motar Karl Benz ta 1886 tana huce injinta ne ta hanyar barin ruwa ya tafasa ya tashi a tururi, don haka sai an riƙa ƙara wani. A tafiyar da matarsa Bertha Benz ta yi a 1888 daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, mai nisan sama da kilomita 100, neman ruwan ƙarawa yana cikin abubuwan da suka riƙa tsayar da ita a hanya. Babban sauyi ya zo ne daga Wilhelm Maybach, wanda ya ƙera lagireto mai kama da saƙar zuma don motar Mercedes mai ƙarfin doki 35, wadda aka kammala a ƙarshen 1900 kuma ta yi suna a tseren 1901. Lagireton yana da ƙananan bututu sama da 8,000 da iska take bi ta cikinsu, da ƙaramar fanka a bayansa, kuma ya rage yawan ruwan da mota take ɗauka ƙwarai.

Ko bayan haka ba kowace mota ce take da famfon ruwa ba. Mafi yawan Ford Model T, wadda aka yi daga 1908 zuwa 1927, sun dogara ne ga ɗabi'ar ruwa, wato mai zafi ya hau sama mai sanyi ya sauka, sai fanka guda da bel yake ja. Wannan fanka ta bel ta yi mulki na shekaru masu yawa duk da aibin da take da shi a fili: gudunta yana bin gudun inji. Idan mota tana tsaye, lokacin da aka fi buƙatar iska, a sannan ne take juyawa a hankali. Idan kuma an hau babban titi, inda iskar tafiya ta riga ta wadatar, sai ta yi ta ruri tana cin ƙarfin inji da mai a banza. Da safe ma tana hana inji ɗumama da wuri.

Masu ƙera motoci sun fara neman mafita ba tare da barin bel ba. Hanya ɗaya ita ce kulocin fanka mai man silikon, wanda ya yaɗu a manyan motocin Amurka daga wajen ƙarshen shekarun 1950: wani lanƙwasasshen ƙarfe a fuskar kulocin yana jin zafin iskar da ta fito daga lagireto, ya buɗe wa man hanya, fanka ta kama, idan iskar ta huce ta saki. Kamfanin Peugeot na Faransa ya bi wata hanyar, wato kuloci mai maganaɗisun lantarki, wanda ya sa wa 403 a wajen 1959 ko 1960, ya kuma ci gaba da shi a wasu nau'o'in 404 da 504. Waɗannan motoci biyu na ƙarshe su ne aka fara harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975.

Abin da ya tilasta komawa ga lantarki gaba ɗaya shi ne kwantar da inji a gicciye. A motar da injinta yake a tsaye daga gaba zuwa baya, bakin injin yana fuskantar lagireto, saboda haka ɗaura fanka a kan famfon ruwa abu ne mai sauƙi. Da Alec Issigonis ya gicciye injin Mini a Ingila a 1959 domin samun fili a cikin ƙaramar mota, sai bakin injin ya koma kallon gefe. Maganin da ya yi shi ne ya mai da lagireton gefen hagu, fankar bel tana hura iska ta cikinsa zuwa ramin tayar gaba. Tsarin ya yi aiki, amma yana da ƙara, kuma ya hana lagireto cin gajiyar iskar gaba kai tsaye. Injiniyan Italiya Dante Giacosa, wanda ya gwada tsarin inji a gicciye da giyabos a gefensa a Autobianchi Primula ta 1964 kafin Fiat 128 ta 1969, ya bar lagireto a gaba inda iska take, ya ba shi fankar lantarki mai makunnin zafi. Tun kafin nan akwai motocin da suka yi amfani da irin wannan fanka, kamar Jaguar E-Type ta 1961, sai dai tsarin Fiat 128 ne sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Tsadar mai ta 1973 ta ƙara wa ƙananan motoci masu jan gaba kasuwa, Volkswagen Golf ta fito a 1974 da fankar lantarki, kuma zuwa shekarun 1980 ta zama abin da aka saba gani a ƙananan motoci. Manyan motocin kaya da irin su Hilux da Land Cruiser sun daɗe a kan kulocin silikon, domin yawan iskar da suke buƙata.

Tamostat ma yana da nasa tarihin. Na farko wata 'yar jaka ce ta ƙarfe mai ruwan da yake saurin zama tururi, sai dai matsin ruwa yana rikita ta. Na kaki mai kumbura idan ya yi zafi, wanda ake danganta shi da Sergius Vernet a shekarun 1930, shi ne ya maye gurbinsa bayan an fara rufe ruwan inji da matsi.

Yadda take aiki

A tsofaffin motoci akwai makunnin zafi da ake murɗawa a jikin lagireto. Idan ruwa ya kai digiri 90 da wani abu sai ya haɗa wuta, ba kuma zai yanke ba sai zafin ya sauka da digiri kaɗan ƙasa da inda ya kama, domin kada fanka ta riƙa kamawa tana saki kowane daƙiƙa. A sababbin motoci kwamfutar inji, wadda makanikai suke kira birenbos, ita take karanta sensar zafi ta ba da umarni. Wasu suna da gudu biyu, wasu kuma ana ƙara musu gudu da kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata. Kunna esi yakan tayar da fanka ko da inji bai yi zafi ba, saboda kwandansan esi yana gaban lagireto kuma shi ma iska yake buƙata. A motoci da yawa fanka tana iya tashi bayan an kashe inji an zare makulli, don haka ake cire kan batir kafin a sa hannu kusa da ita.

Ɗaura fanka

Ana ɗaura fankar lantarki ne ko dai a madadin wadda ta mutu, ko don sauya ta bel a tsohuwar mota, ko a matsayin ƙari. Wadda take bayan lagireto tana zuƙo iska ta fi wadda take gaba tana turawa aiki, domin ta gaba tana tare wani ɓangare na iskar tafiya da jikinta; ana komawa ga ta gaba ne idan babu fili tsakanin inji da lagireto. Rumfar roba ko ta ƙarfe da take kewaye fanka tana da muhimmanci kamar fankar kanta, domin ita ce take tilasta wa iska bi ta duk faɗin lagireto maimakon ta zagayo ta gefe. Ɗaure fanka da siraran robobi da ake sokawa ta cikin fikafikan lagireto yana da sauƙi, amma a hanya mai gargada nauyinta yakan goge bututu har ya huda shi, shi ya sa maƙalai na ƙarfe da aka ɗaure a firam suka fi.

Fanka guda tana iya jan amfiya 10 zuwa 25, kuma a lokacin tashi takan ja fiye da haka, saboda haka ba a bi da wutarta ta cikin makunni kai tsaye sai ta rile, wato wani makunni da ƙaramar wuta take kunnawa shi kuma ya haɗa babbar wuta. A rile mai ƙafa huɗu da aka yi wa lamba bisa ƙa'idar Jamus, ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta waya mai kauri da fis kusa da batirin, ta 87 tana kai wa fanka, 85 da 86 kuma su ne na makunnin zafi. Waya siririya takan yi zafi ta narke, kuma as (haɗin wayar da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota) marar kyau yana rage gudun fanka ba tare da an lura ba. Bayan haɗawa ana duba inda iska ta nufa da 'yar takarda: idan aka riƙe ta a gaban lagireto ya kamata ta manne masa. In ta kauce, to fankar tana juyawa a baibai, tana faɗa da iskar tafiya, kuma irin wannan mota takan yi lafiya a tsaye amma ta yi zafi a kan hanya. Haka kuma a tsohuwar mota ana duba ko altaneto zai iya ɗaukar ƙarin nauyin.

Ruwan sanyaya da murfi

Ruwan da aka tanada don inji haɗin ruwa ne da sinadarin etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Masanin Faransa Charles-Adolphe Wurtz ne ya fara haɗa sinadarin a shekarun 1850, amma sai a tsakiyar shekarun 1920 aka fara zuba shi a mota. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifiri, kuma yana ɗaga matakin tafasa zuwa wajen 107. Murfin lagireto, wanda yake riƙe matsin kusan bar 1 a ma'aunin matsi, yana ƙara ɗaga shi sama da 120, don haka murfin da robarsa ta mutu yana iya sa mota tafasa alhali fanka lafiyarta lau. Sinadarin guba ne mai zaƙi-zaƙi, ana nisanta shi da yara da dabbobi. Launin ruwan ba ya tabbatar da irinsa, kuma gauraya iri biyu yana iya rage ƙarfin maganin tsatsar.

A ƙasashe masu zafi

A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin bazara yake haura digiri 40, lagireto yana aiki ne da iskar da ta riga ta ɗumama, ƙurar hunturu kuma tana toshe fikafikansa. Ruwan rijiya da ake zubawa zalla yana barin farin dutse da tsatsa a cikin bututu. A garejoji da yawa a Najeriya an saba cire tamostat daga motocin da aka shigo da su daga Turai da Amurka, a kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, bisa hujjar cewa an ƙera su ne don ƙasar sanyi. Kamfanonin ƙera motoci ba su yarda da wannan ba: injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai da yawa yana kuma saurin cinyewa, fankar da ba ta hutawa tana saurin ƙonewa, sannan a wasu injinan rashin tamostat yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya shiga lagireto sosai ba.

Alamomin matsala

Allurar zafi da take hawa a cunkoso ta sauka da an samu hanya tana nuni ga fanka ko rile ko fis ko makunni. Wadda take hawa a kan gudu ta fi nuni ga toshewar lagireto ko ƙarancin ruwa ko famfo. Ba a buɗe murfi sai inji ya huce, kuma ci gaba da tafiya da mota mai tafasa yana ƙona gaskit ko ya lanƙwasa kan silinda.

Motocin lantarki

Motocin lantarki ma suna da lagireto da fanka da famfon lantarki, waɗanda suke huce batir da na'urorin wuta a zafin da bai kai na injin fetur ba.