Sabis ɗin motar gas ya wuce juyen baƙin mai

Tun da aka saki darajar naira a 2023 kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo, kalmar "sabis" ta cika gari. Masu tallar baƙin mai a rediyo ba su da wata magana sai ita, samarin gareji masu ɗora bidiyo a TikTok ma haka. Ka tambayi direban a-kori-kura yaushe rabonsa da sabis, zai ce maka makon jiya. Me aka yi? An juye mai, an sa sabon filta. Iyakarta ke nan. Wannan fahimtar ce take ba ni haushi, domin ita ke kashe injinan gas masu tarin yawa, alhali masu su na ganin sun sauke nauyi.

Sabis shi ne duba mota da sauya abin da lokacinsa ya yi tun tana lafiya. Idan ta riga ta tsaya a hanya, ko tana fitar da farin hayaƙi, abin da za a yi mata gyara ne, kuɗinsa kuma daban. Juyen mai ɗaya ne daga cikin ayyukan sabis, kuma ba laifin masu talla ba ne su kaɗai da aka taƙaita shi a nan, tunda abin da suke sayarwa ke nan. Har yau kuma akwai masu cewa a canja fulogi a sabis ɗin motar gas, wato mai shan dizal, alhali injin gas ba ya amfani da tartsatsi. Matsa iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Abin da yake da shi hita ne, mai ɗumama shi lokacin tayarwa da sanyi.

Abin da aka fi mantawa shi ne ruwan da ke shiga cikin man gas. Ɗauki Hilux mai injin 2KD ko 1KD. Famfonsu na tura man gas zuwa nozul, masu fesa shi cikin inji, da ƙarfin da ya haura ba dubu (ba, wato "bar", ma'aunin ƙarfin matsi ne), alhali iskar tayar motar ba ta wuce ba biyu zuwa uku. Ƙarafan cikin famfon da nozul ɗin an ƙera su daidai wa daida, kuma man gas ɗin kansa ne ke ba su santsi. Ruwa ba ya ba da santsi, tsatsa yake kawowa. Ta ina yake shiga? Ta duron da ya kwana a waje da damina, ta jarkar ɗan bunburutu, ta tankin gidan mai da ya yoyo, har ma ta raɓar da ke taruwa a cikin tankin motar idan ana barinsa kusan wayam da dare.

Masu ƙera motar sun san haka, shi ya sa suka yi wa filtar gas ɗan kofi a ƙasa. Ruwa ya fi man gas nauyi, sai ya kwanta a gindi kamar yadda tsaki ke kwanciya a ƙasan ƙwaryar kunu. A ƙarƙashin kofin akwai ɗan noti da ake murɗawa da hannu, a sama kuma akwai ɗan famfo da ake dannawa da tafin hannu. Ka kashe mota, ka tara gorar roba mai haske, ka sassauta notin, ka danna famfon. Za ka ga ruwan ya fara fita, wani lokaci ja-ja da tsatsa, sannan man gas tsantsa ya biyo. Ka ɗaure notin, ka ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri, alamar iska ta fita. Aikin 'yan mintuna ne, ba ya buƙatar sifana, amma direbobi da yawa fitilar gargaɗin ruwa na ci a gabansu suna tafiya, wasu har su sa a cire wayarta don kada ta dame su. Ranar da nozul huɗu suka mutu za a ce man gas ɗin bana ba shi da kyau.

Filtar iska ma mai mota zai iya da kansa, musamman da hunturu. A buɗe, a kakkaɓe a hankali, in za a hura to daga ciki zuwa waje. Idan takardar ta yage ko kaɗan, a yar, domin ƙurar da ta wuce, turbo take fara ci, wato fankar da ke tura iska cikin inji. Lagireto kuma ruwansa na musamman yake so, ruwan rijiya gishiri da tsatsa yake tarawa, kuma ba a buɗe murfinsa inji na da zafi.

Akwai inda hannun mai mota ya kamata ya tsaya. Bel ɗin taimin na 1KD da 2KD, mai daidaita motsin fistin da bawul, ana canja shi ne a kilomita 150,000, fitilar T-BELT ma na kamawa don tunatarwa, kuma in ya tsinke fistin na iya haɗuwa da bawul. Wannan aikin bakanike ne wanda ya san alamominsa. Sababbin Hilux daga 2015 masu injin 1GD da 2GD sarƙa suke amfani da ita maimakon bel. Bututun ƙarfe masu zuwa nozul ma aikin bakanike ne: kada ka sassauta su inji na aiki, kada kuma ka sa yatsa neman inda yake yoyo, domin man da ke fita da wannan ƙarfin yana huda fata.