Sai an bar kyanwa da yunwa take kama ɓera?

An daɗe ana cewa kyanwar da ta ƙoshi ragwanci take yi, don haka a rage mata abinci, a bar ta ta fita neman na kanta. Masu faɗin haka suna da dalili, domin kyanwa kan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, wanda ya gan ta kwance kullum sai ya ɗauka ƙoshi ne ya sangartar da ita.

Amma farauta ɗabi'arta ce, ba yunwa kaɗai ke sa ta ba. Motsin ƙaramin abu ne ke tayar mata da hankali, musamman da asuba da magariba. Shi ya sa wani lokaci za ta kashe ɓera ta ajiye a bakin ɗaki ba ta ci ba. Kowa na iya gwadawa: bayan ta ci ta ƙoshi, a ja zare a ƙasa a gabanta. Za ta laɓe, ta kafa ido, sannan ta daka tsalle.

Wadda yunwa ta kora kuwa, bola da gidajen maƙwabta za ta nufa, rumbun gida ya zauna ba mai gadi. Can take haɗuwa da mota, da tsutsar ciki, da ɓeran da ya ci guba. Har ciwon haukan kare na kama kyanwa idan dabba mai ɗauke da shi ta cije ta. A ganina gara a ciyar da ita a tsakar gida, likitan dabbobi ya yi mata rigakafi.

Don Allah a tura wa masu kyanwa wannan bayani.