Don Allah a daina tayar da injin ban ruwa tukunyarsa a bushe

Tun da ruwan Nilu ya fara ja da baya, kusan duk gonar ayaba ko ta albasa da na shiga tsakanin Maiurno da Sinja a Sudan kuka ɗaya nake tararwa: inji na ruri, ruwa ba ya hawa, ga wani kuma na ɗiga ta bayan tukunya, wato ɓangaren injin da ruwa ke shiga. Idan na tambaya ko an cika tukunyar kafin a ja igiya, sai a yi shiru.

Jiya ma haka. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ai shi zai jawo ruwan da kansa." Na ce, "Baba, ba zai jawo ba, ƙonewa zai yi." Muka kwance injin, sai ga sil ɗin, wato abin da ke hana ruwa ɗiga ta bayan tukunya, ya tsage biyu, robarsa ta narke ta manne da ƙarfe kamar ƙanzo.

Sil ɗin nan fuska biyu ne da ke gugar juna, ɗaya baƙa ta kabon, ɗaya fara ta tangaran. Ruwan da ke cikin tukunya shi ne mai sanyaya su. In babu shi, 'yan mintoci sun isa su lalace. To me ya sa mutum zai tayar da inji ya tafi shan shayi yana jiran ruwa ya hau? Bokiti ɗaya fa ake magana! Kuma kun fi ni sanin yadda kayan gyara suka yi wuya da tsada tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Na san gajiyarku, na san rana tana dukanku, amma wannan ganganci ne, kuma yaran da kuke aikawa bakin kogi a wurinku suke koyo.

Wasu kuma idan ya fara ɗiga sai su naɗe da roba ko su shafa sabulu. Ruwan nan sandar inji yake bi, wata rana ku buɗe ku ga man inji ya koma fari kamar nono.

Farfela ma, wato fankar da ke jan ruwa a cikin tukunya, tana lalacewa. Ruwan damina, musamman na Agusta, laka ne da yashi, yana cinye haƙoranta har su yi sumul. A ɗaga bakin tiyo daga ƙasan kogi, a sa masa rariya.

Idan za ku canza sil: a kashe inji, a cire wayar filogi in na fetur ne, a tsiyaye ruwan. A kwance tukunya. Farfela yawanci hagu ake juya ta, a buga da katako, ban da guduma kai tsaye. A ƙirga wasoshin da ke bayanta, a mayar da su yadda suke. Sil a canza fuskokin biyu tare, kada a haɗa sabo da tsoho. Ruwan sabulu ake shafa wa robar don ta shige, ban da giris, kuma kada hannu mai datti ya taɓa fuskar. A juya sandar da hannu a ji ko tana guga.

Bayan an ɗaure komai, a buɗe murfin sama a zuba ruwa har ya tumbatsa, sannan a ja igiya. Idan minti biyu ko uku sun wuce ruwa bai hau ba, a kashe, a duba tiyo ko yana shan iska, a sake cikawa.