“Mai ɗauke da cuta”: sauro, kaska da zancen yawu

Da damina ta kankama a Kaduna, ba za ka buɗe rediyo ba ka rasa jin “mai ɗauke da cuta”. Sauro mai ɗauke da cuta, ɓera mai ɗauke da cuta, ƙuda ma haka, har majinyacin da ke kwance a gado. Kwanan baya na ji wani mai gabatar da shiri ya jera su duka a numfashi guda, ya ƙara da kaska, ya ce duk aikinsu ɗaya ne. Ni kuwa a wajena nan aka kwafsa.

Abin da ake ƙoƙarin fassarawa shi ne kalmar da likitoci ke kira “bekta”. Asalinta Latinanci ne, daga aikatau mai nufin ɗauka ko jigila, wato dai ɗan dako. To ɗan dako a Kasuwar Shehu Gumi aikinsa a bayyane yake: a aza masa buhu, ya kai bakin mota, ya sauke, a sallame shi. Da wannan hoton a kai ne mutane ke tambaya, in har sauro na zuƙar jinin wannan ya koma kan wancan, me ya hana shi yaɗa cutar ƙanjamau? Tambaya ce mai kyau, kalmar ce ta jawo ta. Amsar ita ce sauro ba sirinji ba ne. Jinin da ya sha cikinsa yake tafiya ya narke, ƙwayar ƙanjamau ta mutu a can. Abin da yake zuba maka idan ya soke ka yawunsa ne, ta wani bututu daban. Ƙwayar maleriya kuwa sai ta shafe kamar kwana 10 zuwa 14 a jikin macen sauro, ta rikiɗa, ta hayayyafa, ta ratsa har jakar yawu, sannan cizon ya zama haɗari. Ɗan dakon da kaya ke girma a kansa, yana ciyar da su, ai ya wuce ɗan dako. Da ni za a bi, dillali za a ce, don shi ne ke gyara hanya har ciniki ya faɗa.

Wanda ya san kaska zai fi gane wannan. Bahaushe ya yi mata kirari da “raɓi mai jini”, kuma bai yi ƙarya ba. Sauro minti biyu ko uku ya ishe shi. Ita kuwa kaska takan lafe a hantsar saniya ko ƙarƙashin wutsiya mako guda, wani lokaci fiye, tana sha a hankali. Ka yi tunani: ƙaya ƙarama ta soke ka, kafin gobe wurin ya kumbura yana zogi. Yaya aka yi kaska ke kwana bakwai da bakinta cikin fata ba a ji ba? Sirrin yana cikin yawunta. Akwai abin da ke daskarewa kamar siminti ya manne bakinta da fata, shi ya sa in makiyayi ya fizge ta da gaggawa kan ke saura a ciki. Akwai mai hana jini daskarewa, akwai mai kashe zafi da ƙaiƙayi, akwai kuma mai kwantar da garkuwar jiki a daidai wurin. Ba a nan ta tsaya ba, ruwan da ta tace daga jinin da ta sha takan mayar da shi jikin dabbar ta cikin yawun. Ƙwayar cuta ta samu ƙofa a buɗe, an kuma sa mai gadi barci.

Ku je Zangon Tudun Wada ko wajen makiyayan Ladduga a Kachia ku tambayi kirci. Kowa zai ce maka saniyar da kaska ta yi wa yawa, musamman babbar nan mai zane a baya, ita kirci ke ci da damina. Amma ƙwayar da ke kawo kirci a fata take zaune, ba sai kaska ta ɗauko ta ba. Yawun kaskar ne ke raunana garkuwar saniya har ciwon ya bazu ya yi ɓawo. To a nan me za mu kira ta? Ba ta ɗauki komai ba, amma da hannunta dumu-dumu. Inda take dako na gaske shi ne irin zazzaɓin Kirimiya da Kwango, mai sa zubar jini, wanda ke kama mahauta da makiyaya.

Wani abin da ke ba ni dariya, kaska ta riga sauron maleriya shiga littafi. A 1893 masu bincike biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka tabbatar kaska ce ke yaɗa zazzaɓin shanu na Texas. Sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya. Duk da haka sauro ya kwashe suna, ita kuwa aka bar ta da haushin kifi.

Yanzu masu bincike sun koma kan yawun kansa. Hikimar ita ce, maimakon a yi wa kowace cuta rigakafinta, a koya wa jiki ya gane yawun mai cizo. A 2020 an buga sakamakon gwajin farko a jikin mutane a Amurka na rigakafin da aka haɗa da sinadaran yawun sauro. A 2021 masu bincike a Jami’ar Yale suka gwada na yawun kaska a jikin ɓerayen Masar: wurin cizon ya yi ja da wuri, kaskar ta kasa ƙoshi ta faɗo. Daga nan ne ake haɗa sunan kaska da sauro a zance ɗaya, ba wai kaska na bin sauro tana tofa masa yawu ba, kamar yadda wani ya fassara mana a majalisa.

Ɓeran Lassa fa? Shi ma’ajiya ne, ƙwayar na zaune a jikinsa ba ta dame shi ba, fitsarinsa da kashinsa ke ɓata abinci. Ƙuda shi ne ɗan dakon gaskiya, a ƙafa yake kwaso ƙazanta ya sauke a kan tuwo. Tsando kuwa, wanda saboda shi cibiyar binciken sammore da ciwon barci take nan cikin garin Kaduna, layinsu ɗaya da sauro: ƙwayar sai ta yi makonni tana rikiɗa a jikinsa kafin ta fito ta baki.