Keken ɗinkin fata na hannu ƙirar Sin

Keken ɗinkin fata na hannu ƙirar Sin ƙaramin inji ne na ƙarfe da ake juyawa da hannu, wanda aka ƙera domin facin takalmi da jaka da sauran kayan fata marasa kauri sosai. Masana'antu da dama ne ke yin sa a ƙasar Sin, galibi ba tare da wani sanannen suna a jikinsa ba, kuma ana sayar da shi a kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da AliExpress a kan kuɗin da yakan kama daga dala 100 zuwa 150. Nauyinsa wajen kilo 10 ne. Masu gyaran takalmi na bakin titi a Sin da ƙasashen Afirka sun daɗe suna aiki da shi, amma a Amurka da Turai ya yi suna ne a hannun masu aikin fata na sha'awa, waɗanda suka mayar da gyara shi da sauya masa fasali wata sana'a mai zaman kanta.

Asali da yadda yake aiki

Tsarinsa ba sabo ba ne. Ya fito ne daga dangin kekunan faci da aka riƙa ƙerawa a Turai da Amurka tun ƙarni na 19, waɗanda mafi shahara a cikinsu su ne Singer 29K da Adler 30 na Jamus. Harafin K na jikin Singer yana nuni ne da masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980.

Abu biyu ne suka bambanta wannan dangi da keken tela. Na farko shi ne siririn hannu mai tsawo da ke shiga cikin takalmi har bakin yatsu, da ɗan ƙaramin kwarkwaro a ƙarshensa. Na biyu kuwa, babu haƙoran jan kaya a ƙasa. Ƙafar da ke danne fatar daga sama ita ce mai haƙora, ita ke jan kayan, kuma ana iya karkata ta kowace fuska. Saboda haka mai ɗinki zai kewaye faci gaba ɗaya ba tare da ya juya takalmin ba. A jikin wilin da ake juyawa akwai hanyoyi da aka fafe, kuma cikinsu ne ƙananan boris ke bi suna motsa allura da ƙoshiya, wato abin da ke ɗauke da kwarkwaron zaren ƙasa.

Gyaran farko

Gaskiyar magana ita ce ana sayar da keken nan ne ba a gama aikinsa ba, mai saye shi ke ƙarasawa. Yakan zo da giris mai kauri, da ɓurɓushin ƙarfe, da kaifi a gefunan da ya kamata su yi sumul. Wanda ya ɗora fata ya fara juyawa a ranar da ya buɗe kwali, sau da yawa zare ne zai yi ta tsinke masa har ya ce keken ba shi da amfani.

Ana farawa ne da kwance shi gunduwa-gunduwa, kuma masu aikin sukan ɗauki hoton kowane mataki da waya don kada haɗawa ta gagara. A wanke sassan da kananzir, a goge, sannan a bi duk inda zare ke wucewa da magagari mai laushi da samfefa: ramin farantin allura, da faifan da ke matse zare, da bakin ƙoshiya. Hanyar gane aibi mai sauƙi ce. A ja zare ta wurin da hannu. In ya fito da gashi-gashi, akwai sauran kaifi. Bakin ƙoshiya dai gogewa kawai ake yi masa, domin in aka ci tsininsa ba zai ƙara kama zare ba. Hanyoyin wili a sa musu giris sabo, sauran gaɓoɓi kuma man keke.

Sai daidaita lokaci, wanda a nan ne yawancin mutane ke shan wahala. Dole tsinin ƙoshiya ya iso bayan allura daidai lokacin da ta fara ɗagowa, ɗan sama kaɗan da kafarta, ya ɗauki madaukin zaren. Wata sanda mai haƙora ce ke kai ƙoshiyar gaba da baya, kuma in aka mayar da ita da kuskuren haƙori ɗaya tak, keken zai riƙa tsallake ɗinki ko ya daina kama zaren ƙasa ɗungurungum. Matsin zare kuwa dokarsa ɗaya da ta keken tela: in ƙulli ya fito a ƙasa, zaren sama ya yi sako-sako, in ya fito a sama, an matse shi da yawa. Ɗinki mai kyau ƙullinsa a tsakiyar fata yake ɓuya.

Sauye-sauye

Ƙafafu uku na ƙarfe da ake haɗo shi da su rawa suke yi, don haka kusan kowa cire su yake yi ya ɗaure keken da noti a kan katako mai kauri ko teburin aiki. Haƙoran ƙafar dannewa suna barin sawu a fata mai santsi, musamman wadda aka jeme da ɓawo ko 'ya'yan itatuwa, irin jimar bagaruwa da dukawanmu suka sani. Ana rage musu kaifi da magagari, wasu kuma su sanya musu roba. Sai dai in aka wuce gona da iri, ƙafar za ta riƙa zamewa, tsawon ɗinki ya daina daidaita.

Keken yana zuwa da allurar keken gida, wato HAx1. Masu son zare mai kauri sukan ɗaga sandar allura da kusan milimita 5 domin ta karɓi allurar masana'anta 135x17, ko 135x16 mai baki kamar wuƙa wadda aka yi don fata. Zaren da ya fi dacewa da shi na nailan ne mai lamba 69, da allura lamba 18. Wasu suna ƙera ɗan tebur na katako da ke zagaye hannun keken don ɗinkin shimfiɗaɗɗen abu kamar walat, wasu su ɗaura injin lantarki da bel domin hannu biyu su samu riƙe fata. Fenti da mariƙin katako ado ne kawai, ko da yake fentin yana kare tsatsa.

Iyakarsa

Duk gogewar da za a yi masa, keken faci ne. Kwarkwaronsa zare kaɗan yake ɗauka, sai a yi ta tsayawa ana naɗi. Singer 29K kansa, da ya fi shi inganci nesa ba kusa ba, iyakarsa kaurin da bai wuce milimita 6 ba, kuma kuskure ne a sa ran na Sin ya zarce haka a aikin yau da kullum. Sirdi da linzami da tafin takalmi mai kauri aikin manyan injuna ne, ko na basilla da hannu. Inda ya yi fice shi ne sauya zif a jaka, da mayar da maɗaurin takalmin da ya tsinke, da liƙa tambari a hula ko hannun riga, wuraren da keken tela ba ya iya kaiwa.